Idan haƙoran roba suna cin dasashi: yadda ake samun sauƙi, mataki-mataki

Wajen wata biyu da yi wa mahaifiyarmu haƙoran roba muka lura ta daina zama cin abinci tare da mu. Mutumiyar Argungu ce, kifi ta tashi da shi, amma sai ga shi an kawo gasasshen kifi ta ce a ba yara, ita kunu ya ishe ta. Tuwon shinkafa ma sai ta dama shi da miya ya koma kamar fate kafin ta kai baki. In an tambaye ta sai ta ce, "Ke dai bari, tsufa ne." Ranar da na matsa mata na ce, "Inna, ki daure ki cire in duba," na haska da fitilar waya, sai ga gyambo a dasashin ƙasa ta ɓangaren harshe, faɗinsa ya kai ƙwayar wake, tsakiyarsa fari, gefensa ja wur. Tun ranar da aka sa mata haƙoran ba ta taɓa kwana ba su a baki ba, don jikoki na kwana ɗakinta kuma tana jin nauyin su gan ta babu haƙori. Ta kuma gaya mini ta ɗan riƙa dangwala jiƙaƙƙiyar kanwa a wurin, wai ko ya kama jikinsa.

Abin da na koya daga wannan jinya, da wanda likitan haƙori ya yi mana bayani a zuwan da muka yi ta yi, shi na tattara a nan. Akwai abubuwa da yawa da za a yi a gida ciwo ya lafa, kuma zan jero su. Amma tun yanzu ina so a riƙe wannan: dasashin da haƙoran roba ke ci, robar ce ke danne shi a wani wuri, ko kuwa datti ya zauna a ƙarƙashinta. Ruwan gishiri da magani suna kwantar da zafi, ba su sauya siffar roba.

Me ya sa suke ciwo tun farko

Haƙorin da Allah ya halitta a cikin ƙashi yake dashe, ƙashin ne ke ɗaukar nauyin tauna. Na roba kuwa a kan fatar dasashi yake zaune, fata mai laushi wadda ba a yi ta don ɗaukar kaya ba. Shi ya sa a makonnin farko kusan kowa sai ya ji cizo nan da can, kamar dai sabon takalmi. Wannan ba abin tsoro ba ne, gyara kaɗan yake so.

Akwai kuma wani abu da ba a cika gaya wa mutane ba. Daga ranar da aka cire haƙori, ƙashin da yake riƙe da shi ya fara zaizayewa ke nan. Zaizayar ta fi sauri a wata shidan farko, daga nan ta rage gudu, amma ba ta tsayawa har ƙarshen rayuwa, kuma muƙamuƙin ƙasa ya fi na sama saurin raguwa, wajen ninki huɗu. To ita roba ba ta raguwa tare da ƙashi. Haƙoran da suka zauna daram bara, bana sai ka ji suna rawa, suna gogar dasashi duk lokacin da aka yi magana ko tauna. Wanda aka sa wa haƙoran roba a ranar da aka cire masa nasa ya fi kowa ganin wannan, domin an auna bakinsa ne tun kafin dasashin ya koma yadda zai zauna. Na ƙasa kuma su suka fi wahalarwa, saboda na sama suna da faɗin ganɗa da za su manne a kai, na ƙasa kuwa siririn tudu kawai suka samu, ga harshe yana ture su dare da rana.

Mataki na 1: Cire su, ka duba da idonka

Wanke hannu da sabulu, a cire haƙoran, a samu madubi da haske mai kyau. In tsoho ne, wani ya duba masa, don akwai lungunan da mutum ba ya iya gani da kansa: ƙarƙashin harshe, can bayan dasashin ƙasa, da inda leɓe ya haɗu da dasashi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, saboda haka a ce ya nuna wurin da yatsa tukuna.

Abin da za ka gani yakan faɗa cikin ɗayan waɗannan. Ko dai ɗan wuri guda ja, ko ƙaramin gyambo daidai inda gefen robar ke ƙarewa: wannan dannewa ce, robar ta yi tsawo ko tudu a wurin. Ko kuma ka ga ganɗa gaba ɗaya ta yi ja, jan ya bi siffar robar sak kamar an zana, wani lokaci da ɗan fari-fari, gefen baki kuma yana tsagewa: wannan galibi ƙwayar cuta ce dangin funfuna da ake kira kandida, wadda ke son ɗumi da danshin da ke ƙarƙashin robar da ba a cirewa. Abin da ke ruɗar mutane shi ne sau da yawa ba ta da zafi sosai, sai ɗan raɗaɗi in an ci yaji. Ko kuwa ka ga tsoka ta tofo ta ninku a gefen robar kamar leɓe na biyu: wannan alamar haƙoran sun daɗe suna rawa suna yanka wurin.

Sai ka juyo kan haƙoran su kansu. Shafa yatsa a cikinsu, ɓangaren da ke kwanciya a kan dasashi. Akwai kaifi? Akwai tsaga? Wani abu ya maƙale, kamar ƙayar kifi, tsakuwar shinkafa, ko ɓarɓashin gyaɗa? Ƙwayar riɗi ɗaya tak in ta shiga ƙarƙashin roba aka tauna a kanta ta isa ta huda dasashi. In haƙoran na rabin baki ne masu ƙugiyar waya, duba ko wayar ta lanƙwashe tana sukar nama.

Mataki na 2: Ba dasashi hutu

Wannan shi ne maganin da ya fi kowane aiki, kuma shi ne mutane suka fi ƙi. In akwai gyambo, a cire haƙoran iya tsawon lokacin da zai yiwu, a sa su sai in za a ci abinci ko za a shiga mutane. Miki ba ya warkewa ana taka shi. Ƙaramin gyambon dannewa, in an ɗauke masa nauyi, yakan fara lafawa cikin kwana biyu zuwa uku, ya rufe cikin mako ɗaya zuwa biyu.

Da dare kuwa, ko da ciwo ko babu, ba a kwana da su. Dasashi na bukatar awa 6 zuwa 8 a kowace rana yana shan iska, miyau yana wanke shi, jini yana zagayawa ba tare da an danne shi ba. Kwana da su shi ne babban abin da ke kawo jan ganɗar nan na kandida. Kuma abin bai tsaya a baki ba. Wani bincike da aka yi a Japan, aka wallafa a 2015, a kan tsofaffi masu shekara 85 zuwa sama, ya gano cewa masu kwana da haƙoran roba haɗarin kamuwarsu da ciwon huhu na nimoniya ya ninka na masu cirewa fiye da sau biyu, domin ƙwayoyin cutar da ke jikin robar suna iya bin numfashi su sauka huhu cikin barci.

Na san inda gizo ke saƙar, kunya ce. Mace ba ta son mijinta ya gan ta baki a lotse, dattijo ba ya son jikoki su yi dariya, amarya tana ɓoye wa dangin miji cewa haƙoranta biyu na gaba na roba ne. Ban raina wannan ba ko kaɗan, na ga yadda ya hana Inna barci mai daɗi wata biyu. Abin da muka yi shi ne muka samo mata ƙaramin kwano mai murfi wanda ba a ganin cikinsa, ta riƙa cire haƙoran tana sa su a ciki bayan an kashe fitila, ta mayar da asuba kafin yara su tashi. In dare ba zai yiwu ba sam, a nemi wasu awanni da rana lokacin da mutum yake shi kaɗai. Murfin kuma yana da amfani na biyu, yana tsare su daga hannun yara da ƙuda.

Togaciya guda: wanda aka sa wa haƙoran a ranar da aka cire masa haƙori, likita yakan ce kada ya cire su a awa 24 na farko saboda kumburi da jini. Wannan a bi maganar likita.

Mataki na 3: Ruwan gishiri mai ɗumi

Rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofi ɗaya na ruwa mai tsabta, wato kamar rabin ledar fiya-wata. Ruwan ya zama mai ɗumi yadda za a iya sa yatsa a ciki ba tare da an janye ba. A cire haƙoran, a guntsa, a kurkure a hankali kamar daƙiƙa 30, a tofar, a maimaita har kofin ya ƙare. Sau uku ko huɗu a rana, musamman bayan cin abinci da kafin kwanciya. Kada a cika gishiri da tunanin zai fi aiki, ƙona wurin zai yi. Kada a haɗiye, balle mai hawan jini. Mai azumi ya yi nasa bayan buɗa baki, da kafin barci, da bayan sahur.

In wurin ya kumbura yana zogi, a naɗe ƙanƙara a tsumma mai tsabta a dafa a kunci ta waje na minti goma, ko a guntsi ruwan sanyi a riƙe a baki.

Mataki na 4: Maganin kemis, da wanda bai kamata ya taɓa bakin ba

Don rage zafi, farasitamol, wanda aka fi sani da Panadol, shi ya fi dacewa da yawancin mutane. Babba yana shan ƙwaya biyu masu miligiram 500 duk bayan awa shida, kada ya wuce ƙwaya takwas a awa 24. Tsohon da ya rame ƙwarai ko mai ciwon hanta, a tambayi likita adadin da ya dace da shi. Brufen da dikulofenak da danginsu suna rage kumburi, amma mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda, da mai shan maganin tsinka jini su nisance su, kuma tsofaffi da yawa suna cikin ɗayan waɗannan rukunai ba su sani ba. Ni ban yarda a saya wa tsoho haɗin ƙwayoyin nan da ake ƙullawa a leda ba tare da suna ba.

Akwai man shafawa na cikin baki irin su Bonjela. A tsane wurin da auduga, a shafa kaɗan a kan dasashi, ba a jikin robar ba, sannan a jira aƙalla minti 30 kafin a mayar da haƙoran, don in an rufe maganin a ƙarƙashin roba nan take zai iya ƙona fatar. Mayukan da ke sa wuri ya mutu a daina jin zafi kuma suna da nasu haɗari: in ba ka jin zafi, za ka ci gaba da tauna a kan mikin yana ƙara zurfi. A yi amfani da su na ’yan kwanaki kafin a ga likita, kada su zama abokan zama. Ruwan kurkure baki irin Corsodyl yana kashe ƙwayoyin cuta, amma na mako ɗaya ko biyu ne, in ya daɗe yana rina haƙora da harshe. Masu barasa a ciki, waɗanda ke yaji a baki, a bar su sai an warke.

Jan ganɗa na kandida ba ya jin Panadol, ba ya kuma jin kafso. Maganinsa daban ne, irin su nistatin ko Daktarin na baki, kuma likita ya kamata ya rubuta. Dalili kuwa, Daktarin ba ya jituwa da maganin tsinka jini mai suna wafarin, haɗa su na iya jawo zubar jini mai tsanani. Sannan in an yi maganin baki ba a yi na robar ba, cutar tana nan a jikinta tana jira.

Yanzu ga waɗanda nake roƙo a bari. Kada a daka asfirin ko wata ƙwaya a danna a kan dasashi, ƙuna take yi ta bar farin tabo mai zafi. Kanwa haka, ita ce ta ƙara faɗaɗa gyambon Inna. Garin taba, ruwan batir, fetur, turare, duk na ji ana sawa a ciwon baki, kuma babu wanda ba ya cin nama a cikinsu. Man kanumfari yana kashe zafi, gaskiya ne, amma tsantsarsa yana ƙona fatar baki, kuma a ƙarƙashin roba ya fi ɓarna.

Mataki na 5: Wanki, na haƙoran da na bakin

Robar da ake yin haƙoran nan tana da ƙananan ramuka da ido ba ya gani, datti da ƙwayoyin cuta suna maƙalewa a ciki. Bayan kowane cin abinci a cire a ɗauraye da ruwa. Mu da muke alwala sau biyar a rana mun samu sauƙi a nan: duk lokacin da aka zauna da buta, a cire su a ɗauraye, a kurkure baki, a mayar. Da Inna ta ɗaura abin a kan alwala ba ta sake mantawa ba.

Sau ɗaya a rana aƙalla, ya fi kyau da dare, a yi musu wanki sosai da buroshi mai laushi da aka ware musu da sabulu marar ƙamshi ko sabulun ruwa na wanke kwanuka, a goge ciki da waje, sannan a ɗauraye har santsin ya fita. A yi wankin a saman kwano mai ruwa ko a kan tawul, domin in suka suɓuce suka faɗi a siminti sai su rabe biyu. Man goge baki na yau da kullum bai dace da su ba, yana karce robar, karcen kuma ya zama gidan datti. Toka, gawayi, yashi da soson ƙarfe sun fi shi ɓarna. Asuwaki a bar shi ga haƙoran asali.

Ruwan zafi shi ne babban abokin gabarsu. Mutum zai ce bari in tafasa su in kashe cuta, sai robar ta murɗe kaɗan yadda ido ba zai gani ba, amma dasashi zai ji. Haka barin su a rana ko a cikin mota a zafin watan Afrilu na Birnin Kebbi ko Gusau. Da dare a jiƙa su cikin ruwa mai tsabta a kwano mai murfi, a sauya ruwan kullum, don in suka bushe ƙayau suna iya sauya siffa. In an samu ƙwayar wanke haƙoran roba da ake jefawa a ruwa tana kumfa, a bi abin da aka rubuta a kwalin, a ɗauraye sosai kafin a mayar baki, kuma a ajiye ta nesa da inda ake ajiye maganin sha, don tsoho na iya ɗauka ya haɗiye. Ruwan bilic irin Hypo kada a taɓa sa masu waya a ciki, yana cin ƙarfe, marasa wayar ma sai in likita ya faɗi yadda za a sirka da tsawon lokacin.

Bakin ma yana son nasa wankin ko da babu haƙori ko ɗaya. A goge dasashi, ganɗa da harshe da buroshi mai laushi ko tsumma mai tsabta da aka naɗe a yatsa, safe da dare, a kauce wa kan gyambon. In akwai sauran haƙoran asali, a wanke su da man goge baki sosai, musamman waɗanda waya ke kamawa, don su ne ke saurin ruɓewa.

Mataki na 6: Abin da za a ci kafin a warke

Kada a bar tsoho da kunu zalla, ramewa zai yi, kuma in ya rame haƙoran za su ƙara yi masa yawa. Akwai abinci mai laushi mai gina jiki: alale, faten wake da ya nuna lugub, dafaffen ƙwai, fura da nono da aka dama ta yi laushi, tuwo mai taushi da miyar kuka ko kuɓewa, dankalin Hausa, kabewa, ayaba, gwanda, kifin da aka zare wa ƙaya tsaf, naman da aka dafa ya farfashe. A rage yaji, tsami da gishiri har mikin ya rufe. Kilishi, tsire, ƙuli-ƙuli, aya, gasasshiyar masara, rake da ƙanzo su jira. Mai cin goro ya daka ko ya goga shi, kuma ya ɗauraye haƙoran bayan ya gama, don garinsa na shiga ƙarƙashin roba.

Yadda ake taunar ma sai an koya. A yi ƙananan loma, a raba abincin gefe biyu na baki a tauna tare, domin in aka tauna a gefe ɗaya, ɗaya gefen robar yana ɗagawa ya dawo ya daki dasashi. Kada a gatsa da haƙoran gaba. Sannan a kula da zafin shayi da kunu: robar sama ta rufe ganɗa, mutum ba ya jin zafin sai ya kai maƙogwaro. A taɓa da leɓe tukuna.

Bushewar baki ma tana cikin masu kawo ciwo, domin miyau shi ne man da ke tsakanin roba da dasashi, shi ne kuma ke sa na sama su manne. Hunturu, azumi, tsufa, da wasu magungunan hawan jini, na mura da na barci duk suna busar da baki. A riƙa kurɓar ruwa a kai a kai, a jiƙa haƙoran kafin a sa su. Kada a daina maganin hawan jini saboda wannan, a dai gaya wa likitan da ya rubuta. Mai ciwon suga kuma ya sani cewa in sugan ya hau, miki ba ya saurin warkewa, kandida kuma tana samun wurin zama. Wanda jan ganɗa ke yawan dawo masa, ya kamata a auna masa suga da yawan jini.

Mataki na 7: Koma wurin likitan haƙori a gyara robar

Duk abin da ya gabata sassauci ne. In aka mayar da robar da ke dannewa a kan dasashin da ya warke, cikin kwana biyu gyambon zai dawo a daidai inda yake. Komawa gyara sau biyu ko uku bayan an karɓi sababbin haƙora yana cikin aikin, ba rashin godiya ba ne, ba kuma raina gwanintar likita ba ne. Inna ta ƙi komawa da farko don a ganinta an riga an yi mata ƙoƙari, kada ta zama mai ƙorafi.

Ga wata dabara da ke da muhimmanci: kafin zuwa asibiti a mayar da haƙoran a baki, tun daga jajibiri in za a iya jurewa, in ba haka ba aƙalla wasu awanni a safiyar ranar. In aka je bayan an yi mako ba a sa su ba, wurin ya warke, likita ba zai ga inda suke ci ba. Shi yakan shafa wani farin mai a cikin robar ya mayar a baki, in ya ciro sai inda ke dannewa ya fito fili, ya ɗan goge wurin da injinsa ya sulɓe shi. Na Inna bai ɗauki minti goma sha biyar ba. Tana mayarwa ta taɓa kuncinta ta ce, "Ashe haka abin yake da sauƙi, ɗan nan? Allah shi yi maka albarka."

In matsalar rawa ce saboda ƙashi ya zaizaye, gogewa ba za ta wadatar ba. Akwai cikon da ake yi wa cikin robar don ta sake kama siffar dasashi, akwai kuma shimfiɗa mai laushi da ake sa wa masu siririn dasashi ko wanda ke jinya. In sun tsufa ƙwarai sai sababbi, kuma galibi haƙoran roba sukan bukaci sauyi bayan shekara 5 zuwa 10. Ko babu ciwo, a kai baki da haƙoran a duba sau ɗaya a shekara.

Kada a gyara da hannu a gida. Wani kawunmu ya ɗauki magagari da samfefa ya rage gefen nasa da ke cizonsa. Cizon ya tafi, amma gefen da ya cire shi ne ke riƙe iska, tun daga ranar na saman ba su sake mannewa ba, sai da aka yi masa wasu. Garin neman gira ya rasa ido. Haka in sun karye, kada a liƙa da Super Glue: ba a yi shi don baki ba, kuma da wuya ɓangarorin su haɗu daidai, daga baya mai gyara ma ya kasa. A tattara gutsattsarin a kai. Man liƙa haƙoran roba da ake sayarwa yana taimakawa in an ɗiga kaɗan a wuri uku ko huɗu, a kuma wanke shi tas kowane dare, amma in kullum sai an ƙara yawansa kafin su zauna, ciko suke nema. Wasu irinsa suna da sinadarin zinki, wanda yawan haɗiyarsa shekara da shekaru yana taɓa jijiyoyi.

Game da inda za a je: akwai sashen haƙori a Asibitin Tunawa da Sir Yahaya da asibitin tarayya a Birnin Kebbi, da Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Gusau, abin da ya fi ƙarfinsu kuma sukan tura Asibitin Koyarwa na Jami’ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Na san wanda ke Yauri, Zuru, Anka ko Shinkafi tafiya ce a gabansa, ga kuɗin mota, ga halin da wasu hanyoyin suke ciki. Saboda haka a tambayi likita tun ranar karɓar haƙoran yaushe za a dawo gyara, a shirya masa kamar yadda aka shirya kuɗin haƙoran. Masu sa haƙori a kasuwa ko masu yawo gida-gida, waɗanda ke kwaɓa roba su manne ta a jikin haƙoran maƙwabta yadda ba ta ciruwa, araharsu ba ta ado: abinci na taruwa a ƙarƙashi, dasashi ya kumbura, haƙoran da ke gefe su ruɓe. Wanda aka yi wa irin wannan kada ya ɓamɓare da kansa, ya je a cire masa.

Abubuwan da ba a jira da su

Gyambon da ya kai mako biyu zuwa uku bai warke ba, alhali an cire haƙoran ko an gyara su, dole likita ya gan shi. Haka wanda gefensa ya yi tauri, ko yake zubar da jini da an taɓa, ko farin tabo ko ja da ba ya gogewa, ko ƙullutu a wuya, ko leɓe ya mutu ba a jin sa. Sankarar baki takan fara kamar ƙaramin gyambo marar zafi, mai haƙoran roba kuma yana da abin da zai ɗora wa laifi, sai a yi ta cewa robar ce har lokaci ya ƙure. Mai shan sigari ko mai sa taba a baki ya fi kowa bukatar kula da wannan. Kumburin fuska da zazzaɓi, mugunya na fita daga dasashi, ko wahalar buɗe baki da haɗiya, wannan na ranar ne, ba na gobe ba.

Na ƙarshe ya shafi masu ƙaramin haƙorin roba ɗaya ko biyu na gaba, wanda ba shi da waya. In ya fara rawa, haɗiye shi abu ne mai sauƙi, cikin barci, ko wajen shan magani da ruwa, ko a cikin lomar tuwo. Yakan maƙale a maƙoshi, kuma robar ba ta cika fitowa a hoton eksire ba, saboda haka a gaya wa ma’aikatan asibiti ƙarara cewa haƙorin roba ne aka haɗiye, ko da hoto bai nuna komai ba. Kada a tura shi da tuwo, ayaba ko burodi, kada a sa yatsa a yi ta ƙoƙarin amai, gefensa na iya yaga maƙoshi. A daina ci da sha, a nufi asibitin da ke da likitan kunne, hanci da maƙogwaro a ranar.